Ranar da Aka Yi wa Baƙuwa Baki

Daga Likita zuwa ga Baba Mai Agogo

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto maka kai tsaye, ban saka a ɗakin masu kula da zaure ba, don maganar ta shafe ka. Sabon mamban da ka shigo da shi, mai kiran kansa Sarkin Hanya, ya cika wa jama'a kunne. Zaurenmu na intanet na masu tara zanen anime ne, wato finafinan katun, amma kullum da safe sai ya turo hoton fure da "barka da tashi" a sashen baje zane. Ya turo dogon saƙon murya yana ba da labarin yadda ya taɓa ɗaure salansar motarsa da igiyar takalmi. Ya ce wa mambanmu Mai Kemis idanun yarinyar da ke zanensa sun kumbura, a kai ta asibiti. Duk wanda ya saka zane kuma sai ya tambaye shi nawa ya saya, tambayar da muka hana tun kafa zauren.

Ba sai na tuna maka ƙa'ida ba, kai ka rubuta ta: kowane sabo a kan lamunin wani yake shigowa, in aka kori sabo a haɗa da wanda ya tsaya masa. Ba na son abin ya kai can. Ka ja masa kunne.

Sannan Baƙuwa, zanenmu mai zagayawa, tana hannunka. In lokacinka ya cika, Mai Kemis ne na gaba.

Masu ciwon haƙori na jirana. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Likita

Daga Baba Mai Agogo zuwa ga Likita

Wa alaikumus salam 'yata Likita. Saƙonki ya iso, na karanta, na cire tabarau na goge na sake karantawa ko zai canza, bai canza ba. Ƙafa da sauƙi, sai dai in hadari zai haɗu takan riga gidan rediyo sanarwa. Ya aiki, ya masu kumburin kunci? Kamar kullum a takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo miki. Yatsun da suka tsufa suna kama ƙusar agogo da hantsaki sun ƙi sabawa da shafa gilashin waya.

To, bari in fito miki a mutum. Sarkin Hanya surukina ne, mahaifin mijin 'yata Auta. Direban babbar mota ne da ya ajiye sitiyari. Matarsa ta rasu bara, ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansu, aka ba shi ɗakin da ke kusa da kicin. Mutumin da ya saba da hanya aka ce ya zauna ya kalli bango. Ya kwance fankar falo wai tana ƙara, ya mayar, ƙusoshi suka yi saura a hannunsa. Daga nan ya koma kan injin wanki. Auta ta zo shagona, shagon da yanzu rabin ƙofa kawai nake buɗewa, ta zauna a kujerar masu jira ta ce, "Baba, don Allah ka samo wa Baba na gida abin da zai ɗauke masa hankali kafin ya kai ga firji." Ki gaya mini, ya zan yi? Sai na tsaya masa.

Da na samu saƙonki na kira shi shago don in ja kunnen. Na ce, "Direba, a zauren nan sabo sauraro yake yi tukuna." Ya ce, "Ai ina saurare, Mai Agogo, su ne ba sa magana. Mutum ya saka hoto, kowa ya danna alamar zuciya ya wuce, sai ka ce gidan makoki." Na ce ba a tambayar kuɗin zane. Ya ce, "Mutum ya nuna maka kayansa ka ƙi tambayar kuɗi, ai ka raina kayan ke nan." Na ce furen fa? Ya ce, "Furen ma laifi ne? To Allah ya shirye ku." Kunnen dai na ja, amma ina jin nawa ne ya fi zafi.

Sai dai wani abu ya faru da ya ba ni ƙwarin gwiwa. Na ce bari in nuna masa abin da ya tara mu, sai na ciro Baƙuwa daga jakarta. Na yi masa bayani tun daga tushe, yadda nake yi wa kowane sabo: cewa a da, kafin kwamfuta, da hannu ake zana fim ɗin nan falle-falle a kan roba mai garai-garai, layin zanen a gaba, fenti a baya. Cewa marigayi wanda ya kafa zauren shi ya bar mana wannan fallen, ya ce kada ya zama na mutum ɗaya, ya riƙa zaga gidajen tsofaffin mambobi, kowa ya sauke shi ya sallame shi, shi ya sa muke ce mata Baƙuwa. Ya ƙura wa yarinyar ido, shuɗin gashinta da laimar da ke kafaɗarta, can ya ce, "Ina bakinta?" Na ce ai baki a wani falle dabam ake zana shi a ɗora a sama, don shi ke motsi, fuska na tsaye. Fallen bakinta ya ɓace tun kafin ta zo hannun marigayi, haka muka san ta, haka muke son ta.

Likita, tun ranar da aka haɗa mu surukuta ban taɓa ganin mutumin nan ya yi shiru ba sai ranar. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Na ce a raina, to, zane ya fara shiga jikinsa. Ki ba ni ɗan lokaci, za ki ga canji.

A gaida mutanen gida. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba Mai Agogo

Daga Likita zuwa ga Baba Mai Agogo

Assalamu alaikum Baba. Ina gaisuwa.

Na ga canji. Yau da safe babu fure. Sarkin Hanya ya saka hoton kansa a ɗakinsa yana riƙe da kofin shayi, ya rubuta "ni da ƙawata muna gaida jama'a." A bangon bayansa, an kafa ta da ƙaramar ƙusa ta ramin da ke saman fallen, Baƙuwa ce. Kuma tana murmushi, Baba. Tana da baki.

Aikina kallon baki ne, na san wanda aka zo da shi da wanda aka ƙara. Na goge hoton da sauri, amma Mai Kemis ya riga ya gani, ya kira ni a fusace. Sabo ba ya saukar Baƙuwa, wannan ma kai ka rubuta. Ta yaya ta bar shagonka?

Ina jiran amsa.

Likita

Daga Baba Mai Agogo zuwa ga Likita

Wa alaikumus salam 'yata. Na gaishe ki, in har gaisuwata na da sauran daraja.

Na ɗauki biro na ajiye, na ɗauka na ajiye. Abin da ban gaya miki a waccan wasiƙar ba shi ne ƙarshen zaman. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya ce, "Mai Agogo, ka ara mini yarinyar nan ta ɗan kwana biyu a wurina." Na buɗe baki zan karanto masa ƙa'ida, sai na tuna a gidan ɗansa 'yata take, kuma tun da muke bai taɓa roƙona komai ba. Na saka ta a jaka na miƙa masa. Na ce kada rana ta taɓa ta, kada ruwa ya taɓa ta, kada ya jingina ta da abu mai zafi. Na lissafa masa duk abin da ke cutar da falle, ban da biro. Wa zai yi tunanin biro?

Ina ganin saƙonki na ɗauki sanda na nufi gidan. Na same shi ya buɗe ƙofar ɗaki yana jirana da fara'a, wai in zo in ga gyara. Baƙin biron nan da ake rubuta suna a jikin kwali, wanda ba ya fita, da shi ya yi. Ya ce, "Ka ga yanzu ta zama mutum." Na cire ta daga ƙusa na saka a jaka, Auta na tambayata ko zan sha ruwa, na fita ko sallama ban yi ba. A hanya ji nake kamar kowa ya san abin da ke cikin jakar.

Ga hotonta nan na ɗauka a kan teburina. Za ki ga ɓarnar ta wuce baki. Bakin ya dame, layin haɓa ya tafi, har gefen hanci ya taɓu. Ba ta gyaruwa.

Ban san me zan ce wa jama'a ba. In kun yanke shawarar cire shi, ba ni da bakin hanawa. Amma ina roƙon ki duba mini, ko akwai yadda za a yi da ni, tsohon da ya ba zauren nan ƙarfinsa tun yana da mutum kaɗan. In na tashi da safe, shi nake fara buɗewa kafin taga.

Allah ya rufa mana asiri.

Baba Mai Agogo

Daga Likita zuwa ga Baba Mai Agogo

Assalamu alaikum Baba.

Kafin in goge hoton Sarkin Hanya na ajiye kwafinsa. Na jera shi da naka. A bangonsa bakin tsaf yake, haɓa na nan, hanci na nan. A teburinka babu su. Wani abu ya faru tsakanin bangonsa da teburinka.

Na tura masa hotonka na tambaye shi. Na roƙe shi ya rubuta, kada ya yi murya. Ga amsarsa nan yadda ta zo. Abu ɗaya zan ƙara: na buɗe hoton sosai, gugar da ke haɓar nan ƙanana ce, a zagaye, a jere, irin ta mai tsoron abin da yake taɓawa.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.

'Yarka,
Likita

Daga Sarkin Hanya zuwa ga Likita

Salamu alaikum ranki ya daɗe Likita. Gaisuwa mai yawa, da fatan iyali lafiya, aiki lafiya, mota lafiya. Kin ce in rubuta, to ga shi, ki yi haƙuri da rubutun, ni a baki na fi ƙarfi.

Maganar haɓa ni ne. Bayan na ɗauki hoto na ga bakin ya ɗan karkace, na sa tsumman goge gilashi da ɗan kananzir na murza. Shi ke nan. Mai Agogo ba ruwansa, ya zo ya tarar da ɓarna ne. Ki rubuta haka.

Maganar baki kuma, tunda kin tambaya. Uwar yarana kafin ta rasu ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Matar da in na dawo daga tafiya tun daga bakin ƙofa take fara ba ni labari har in yi barci ba ta gama ba. Sai ya zama ido kawai take bina da shi, in shiga ido, in fita ido. Ni nake surutun mu biyu. Da Mai Agogo ya nuna mini yarinyar nan, ido manya-manya ba baki, wallahi uwar yarana na gani. Na kai ta ɗaki ina mata hira, tana kallona. Na daure, na daure, na kasa. Ban san abin marigayi ne mai tsada haka a zuciyarku ba. Ya gaya mini, amma ni lokacin ba na ji. Na yi kuskure, ku yafe ni.

Ku cire ni, ba komai, fure kawai za ku rasa. Amma na ji an ce in an cire ni har da shi. Wannan ne ban yarda ba. Ni fa ba don zane na shigo ba. Surukata ce ta same ni ta ce, "Baba, mahaifina ya daina fita, daga shi sai agogon da ba mai zuwa karɓa da mutanen cikin waya. Don Allah ka shiga abin nan nasu ka riƙa ɗebe masa kewa." Shi ya sa nake ta surutu, don in ya buɗe ya tarar da motsi. In kuka raba shi da zauren nan, rabin ƙofar ma rufe ta zai yi.

Na gode. Haƙorina na ƙasa ma yana ɗan motsi, amma wannan sai mun haɗu.

Naku,
Sarkin Hanya

Daga Baba Mai Agogo zuwa ga Likita

Wa alaikumus salam 'yata Likita. Ina gaisuwa, kaina a ƙasa.

Babu kananzir a gidan Auta, da gas suke girki. Mutumin ko ƙarya bai iya ba.

Ni ne. Da na dawo da ita shago na kwantar da ita a kan tebur, na saƙala gilashin gyaran agogo a ido, na naɗa auduga a bakin hantsaki na tsoma a sifirit. Kin san saƙon da ke liƙe a saman zaure, wanda ke cewa kada a kusanci falle da sifirit don yana cin layi? Kin san wanda ya rubuta shi. Amma na ce wannan don masu gaggawa ne, ni hannuna ya taɓa abin da ya fi wannan laushi. Na ce in cire bakin a hankali in aika wa Mai Kemis, ba wanda zai ji labari. Shafar farko tawada ta taso, na ji daɗi. Ina bin gefen leɓe sai na ga haɓa ta biyo auduga. Maimakon in tsaya, sai na ce bari in daidaita. Haka hanci ya shiga ciki.

Sannan na zauna na rubuto miki wai layin haɓa ya tafi, sai ka ce takalmi ya saka ya fita. Ban ce shi ya yi ba, amma na gyara maganar yadda za ki ce shi ne, har na roƙi a bar mini kujerata. Ɓarnar fallen ba ta kai wannan nauyi a ƙirjina ba.

Na je gidan. Na same shi ya ja firji daga bango yana leƙen bayansa. Na ce, "Direba, me ya sa ka ce kai ne?" Bai juyo ba, ya ce, "Miƙo mini sukudireban nan." Na miƙa. Na ce, "Tambayarka nake." Ya ce, "Na ga hoton na gane hannun. Ni in na goge abu, har fentin baya sai ya fita." Na ce, "To ka san na bar ka da laifin?" Ya ce, "Na sani mana. Ai ni na fara taɓa ta. Mota in ta faɗa rami ba a tambayar wace taya ce ta fara shiga." Na rasa inda zan sa fuskata, sai na riƙe masa tocila.

Can na ce, "Wai Auta ce ta ce ka shigo don ka ɗebe mini kewa?" Ya ce eh. Na ce, "Ni kuma ta ce in shigo da kai don in ceci firji." Muka dubi juna, muka dubi ƙofar kicin. Sai muka ji an ƙara buɗe famfo.

Yanzu ga abin da na yi. Na rubuta duk wannan a takarda, ban rage komai ba sai maganar matarsa, don ba tawa ba ce. Na ɗauki hoto na saka a zaure da kaina, a sashen baje zane, inda yake saka furensa. Na ce ni na fitar da Baƙuwa ba bisa ƙa'ida ba, ni na cinye mata haɓa, ni na yi shiru. Na ce shi bai san abin da yake taɓawa ba, ni na sani. Na roƙi a cire ni a bar shi. Tun da na saka ban sake buɗe zauren ba, wayar ma sai don turo miki wannan zan taɓa ta, na kife ta a cikin aljihun tebur, ina jin tana ta kuka kamar agogon da aka manta ba a kashe ba.

Baƙuwa kuma na naɗe ta yadda ya kamata, tana jiran umarninku. Na kasa kallonta. Da can ba ta da baki ina ganin kamar tana sauraro, yanzu da rabin baki sai nake ganin kamar za ta yi magana.

Duk abin da kuka yanke daidai ne. Ki yafe wa tsoho.

Baba Mai Agogo

Daga Likita zuwa ga Baba Mai Agogo

Assalamu alaikum Baba. Da fatan ƙafa da sauƙi. Ka ciro wayar daga aljihun tebur.

Jama'a sun yi magana, an yanke. Baƙuwa za ta ci gaba da zagawa yadda take, ba mai ƙara taɓa ta. Mai Kemis ya ce ka aiko, ya huce, amma ba duka ba. Sarkin Hanya zai zauna, an ware masa sashe na furensa shi kaɗai. Kai kuma an sauke ka daga kula da zaure, an cire sunanka.

Ƙa'idarka ta ce wanda aka cire yana iya dawowa a matsayin sabo, in wani ya tsaya masa. Na tambaya. Kafin kowa ya gama rubutu saƙon murya ya shigo, mai tsawo, har da labarin wata gada. An ce masa sabo ba ya tsaya wa sabo, ya ce a nuna masa inda aka rubuta. Mun duba, ba ka rubuta ba.

Don haka gobe za ka shigo a kan lamunin Sarkin Hanya. Ya ce in gaya maka sabo sauraro yake yi tukuna, kuma don Allah kada ka ba shi kunya.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Likita